Alhaji Abubakar Imam: Marubucin da ya yi mafarkin ƙasa mai adalci

Da wuya a sami ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati a Arewa wanda ya zauna a aji, ko da na firamare ne, bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja a hannunsa ba. Daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, daga Kano zuwa Zariya, waɗanda suka karanta sun ba waɗanda ba su karanta ba labari, har sunayen Malam Zurƙe ɗan Muhamman da Waziri Aku suka zama tamkar na mutanen unguwa. Abin da yawancinmu muke tunawa shi ne dariya. Amma duk wanda ya koma ga littattafan bayan ya girma, bayan ya san nauyin kuɗin haya da na asibiti da na makarantar yara, zai tarar akwai wata tambaya da ke kwance a ƙarƙashin barkwancin: yaya ƙasa za ta zauna lafiya alhali wasu na kwana da ƙoshi wasu na kwana da yunwa, kuma wane ne zai iya gaya wa mai mulki gaskiya ya kwana lafiya?

Wannan tambaya ce Alhaji Abubakar Imam ya yi shekara kusan 50 yana juyawa, wani lokaci a cikin ƙagaggen labari, wani lokaci a shafin jarida, wani lokaci kuma a kan teburin aikin gwamnati.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin Kwantagora, yau kuma yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, masanin addini ne da shari'a, saboda haka da allo da tawada yaron ya buɗe ido. An haife shi ne shekara takwas kacal bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, lokacin da manya ba su gama farfaɗowa daga abin da ya auka musu ba, kuma karatun boko abin ƙyama ne a gidaje da yawa.

Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20, shi ne ya zama masa tsani. Bello ya riga ya shiga aikin koyarwa a Katsina, can kuma Abubakar ya bi shi ya yi karatun boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar horar da malamai da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda daga baya aka mayar da ita Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A nan ya yi zamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da sauran samarin da suka riƙi ragamar Arewa bayan shekara 30. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina.

Katsinar da ya tashi a cikinta tsohuwar ƙasar ilimi ce. Hasumiyar Gobarau na tsaye, ana kuma ambaton Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da girmamawa. A tsohuwar ƙasar Katsina ne garin 'Yandoto yake, kusa da Tsafe a Jihar Zamfara ta yau, garin malamai da ɗalibai suka riƙa yi wa tattaki daga nesa, wanda labarin baka ya ce daga can Muhammadu Korau, Sarkin Katsina Musulmi na farko, ya fito. A wajajen 1806 malaman 'Yandoto suka saɓa da jagororin jihadi, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamai suka watse. Duka ɓangarorin biyu ma'abota littafi ne, kuma cikin abin da ake taƙaddama a kai a wancan zamani har da yadda ya dace a mulki jama'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera ire-iren zaluncin sarakunan zamaninsa, irin su haraji mara kan gado da karɓar gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka. Ke nan burin ganin ƙasar da adalci ya wadata ya daɗe a ƙasar Hausa, boko ya zo ya tarar da shi. Abin da Imam ya yi shi ne ya ɗauko tsohon burin ya zuba shi a sabon mazubi.

Gasar 1933 da neman ruwan magani

A 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa. Aikin bai zo da sauƙi ba, don a wurin malaman wancan lokaci alƙalami na addini ne da shari'a da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara bayan sallar lisha. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta nasa.

Mai karatu zai tuna yadda labarin ya faro. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya faɗi a fada cewa ruwan Bagaja ne maganin ciwon, sarki ya muzanta shi a gaban jama'a. Alhaji Imam, wanda Liman ya riƙa kamar ɗansa, ya ɗauki alkawarin ba zai zauna ba sai ya samo ruwan. Ya shiga duniya shekara da shekaru, gari ya karɓe shi gari ya kore shi, suna cuɗanya da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan tsiya gobe wancan ya rama, irin zubin da almajiran zaure suka sani a Muƙamat Hariri. Daga ƙarshe sai a ƙasar aljanu ya sami abin da ya fita nema.

Garuruwan da matafiyin ya ratsa su ne abin lura. Kusan ko'ina ya sauka sai ya tarar da mai iko mai saurin hukunci, da mai dukiya mai saurin ruɗuwa, da baƙo ko matalauci wanda ba shi da makami sai wayonsa. A irin wannan duniya gaskiya kaɗai ba ta ciyar da mutum, shi ya sa jarumin littafin kansa ba waliyyi ba ne, mayaudari ne idan ta kama. Maganin da kowa ke bukata kuwa yana can nesa, a ƙasar da ƙafar mutum ba ta kai wa sai da taimakon da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba: da aka samo ruwan, fada aka kai shi, ɗan sarki ne ya sha ya warke. Mutuncin malamin da aka wulaƙanta ya dawo, amma ba a ce mana an raba ruwan a kasuwa ba. Wannan shi ne ƙarfin mafarkin Imam, nan ne kuma iyakarsa, kuma haka abin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A cikin littattafan gasar, Shaihu Umar ne ya fi fitowa fili da zancen rashin daidaito tsakanin mutane, domin labarin bauta ne, da yaron da aka sace, da uwar da ta ƙetare Sahara tana nemansa. Ɓalewa ya bi ta hanyar tausayi, Imam ya bi ta hanyar dariya, amma ciwo ɗaya suke nunawa: ran mara ƙarfi ba shi da tsada a inda babu adalci.

Masarautar da aku ya zama waziri

East ya ga baiwar saurayin, don haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. Imam ya zauna a Zariya kimanin wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiya da Farisa da Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa. Daga wannan zama ne Magana Jari Ce ya fito, littafi uku masu ɗauke da labarai sama da 80, waɗanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930.

Masu nazari sun daɗe suna bin sawun labaran, sun kuma nuna cewa da yawansu aro ne, har da dabarar sa aku ya riƙa ba da labari don hana wani fita, wadda asalinta daga Indiya take. Wannan gaskiya ne, kuma ba ta rage masa komai ba. Auduga ko daga ina aka saro ta, masaƙi ake yaba wa idan zane ya yi kyau. Imam ya sa wa labaran riga da hula, ya ba su sarkin fawa da alƙali da dogari da dillaliya, har Bahaushe ya karanta bai ji ƙamshin baƙunta ba.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne ginin da ya ɗora labaran a kai. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Wazirinsa, mutum mai asali da muƙami, shi ne maci amana. Wanda ya tsare ɗan sarki daga halaka, dare bayan dare, tsuntsu ne da aka sayo da kuɗi, ba shi da dangi a fada, ba shi da gona, ba shi da doki, ba shi da komai sai ilimi da iya magana. Da gaskiya ta bayyana, aka ba shi wazirci. A littafi na biyu ya kare martabar ƙasarsa a gasar ba da labari da Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih, domin muƙamin da aka samu da ilimi ba ya tsayuwa sai da ilimi.

A Arewar 1930, inda sarauta gado ce, ɗan talaka kuma ya san iyakarsa tun yana goye, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙasar da Imam ya zana ita ce wadda sarki ke sauraron shawara, ake ɗaukaka mutum don abin da ya sani, maci amana kuma ke girbar abin da ya shuka komai girman rawaninsa. Sunan littafin ma wa'azi ne ga wanda bai gaji dukiya ba: idan ba ka da jarin kuɗi, kana da na harshe da na ƙwaƙwalwa. Masana na kiran irin wannan ƙasa ta mafarki da sunaye daban-daban. Alfarabi ya rubuta littafi a kan birni mafifici tun ƙarni na 10, Thomas More na Ingila kuma ya rubuta Utopia a 1516, inda ya ƙaga tsibirin da babu mai mallakar dukiya shi kaɗai. Imam bai je nan ba. Bai rushe fada ba, bai raba gonaki ba, bai ba talaka ikon zaɓen wanda zai mulke shi ba. A masarautarsa alheri daga sama yake gangarowa, idan Allah Ya sa an dace da sarki mai jin magana.

Kujerar edita

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma naɗa Imam editanta na Hausa, aikin da ya riƙe har 1951. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne toshe jita-jita a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa. Turawa ne ke sa ido a kan abin da ake bugawa. Wannan ita ce igiyar da aka ɗaure editan da ita, bai kuma taɓa samun kuɓuta daga gare ta gaba ɗaya ba.

Duk da haka jaridar ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Kofi ɗaya kan zagaya hannu da yawa, mai karatu ɗaya ya karanta wa cincirindon mutane a zaure ko a rumfar kasuwa. Iyaye suka riƙa jin labarin fagen daga a Habasha da Bama, inda aka kai 'ya'yansu. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka sami wurin aika wasiƙa a buga, su faɗi ra'ayinsu a kan ilimi da tsafta da auren wuri da halin ma'aikata. A nan ne kuma aka daidaita yawancin ƙa'idojin rubutun Hausar boko da salon labarin jarida da muke bi har yau. Duk wanda ke cin abinci da rubutun Hausa a jarida ko rediyo, a inuwar da Imam ya dasa yake zaune.

Shekarun yaƙi sun yi wa talakan Arewa tsanani. Ga haraji da jangali, ga matsin lambar noma gyaɗa don bukatar Ingila, ga tsadar gishiri da kananzir da tufafi. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban manoma barin gonakinsu su tafi haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Editan da wasiƙu ke zuwa teburinsa daga kowane lardi ba zai rasa sanin halin da ake ciki ba, ko da ba duk abin da ya sani ne zai iya bugawa ba.

Tafiya Ingila da wasiƙu ga Lugga

A 1943 aka gayyaci tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam na ciki, haka ma Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba ƙasashen yankin mulkin kai, Imam kuwa ya ƙi sa hannu. Ganinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani, kuma 'yancin da aka karɓa a haka zai zama sauya ubangida ne kawai. Wannan mataki ya jawo masa suka, har wasu na yi masa kallon ɗan amshin shatar Turawa.

Sai dai a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya kafa tsarin mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, wanda a lokacin ya tsufa ya yi ritaya. A ganawar, da kuma wasiƙun da ya rubuta masa daga baya, Imam ya zayyana illolin tsarin ga mai tsarin kansa: tazarar da ke tsakanin talaka da masu mulkinsa, yadda kukan na ƙasa ba ya isa sama sai ya bi ta hannun wanda ake kuka da shi, da yadda ake yi wa samari masu ilimi kallon 'yan tawaye maimakon a jawo su a yi aiki da su. Wanda ya karanta Magana Jari Ce zai gane abin da ke faruwa. Marubucin ya shiga rigar akunsa, ya tsaya gaban mai iko yana faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, wanda ya zama cibiyar buga littattafai da jaridu ta Arewa.

Inda hanya ta rabu

Imam na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a 1948 a matsayin ƙungiyar al'adu ƙarƙashin jagorancin Dokta R.A.B. Dikko, ta kuma yi babban taronta a Kaduna a 1949. Manufarta ita ce yaƙar abubuwa uku: jahilci da lalaci da zalunci. A farkon tafiya masu sassaucin ra'ayi da masu zafinsa duk a inuwa ɗaya suke, har da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano.

Tafiyar ba ta yi nisa ba aka rabu. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, wadda ta ce matsalar Arewa rikici ne tsakanin talakawa da masu sarauta, kuma talaka ba zai sami sawaba ba sai ya karɓi iko da ƙuri'arsa. A wannan watan ne kuma Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, Imam kuma ya shiga majalisar Arewa da ta wakilai a Legas a ƙarƙashinta.

Nan ne mafarkai biyu suka tsaya suna duban juna. Na Aminu Kano ya ce a sauya ginin tun daga tushe. Na Imam ya ce a gyara masu zama a cikin ginin, a ilimantar da sarki da talaka, a sa nagari a muƙami. Kowanne yana da abin da ya hango da abin da ya kuskure. Masu zafin ra'ayi sun yi gaskiya da suka ce nasiha ba ta ƙwato haƙƙi daga hannun wanda ke cin moriyar zalunci. Imam kuma ya yi gaskiya da ya ji tsoron ƙuri'a a hannun wanda yunwa da jahilci suka yi wa katutu, domin mun ga yadda ake sayenta da sabulu da taliya.

Siyasar jam'iyya ba ta karɓe shi ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar ta, ya koma ga littattafai da aikin hukuma. Zamanin Yaƙi da Jahilci ne, lokacin da aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA kuma ke buga ƙananan littattafai masu araha. Ya rubuta littattafan addini da tarihi, tun kafin wannan lokaci kuma ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah, wanda ya bayyana kimiyyar halittu da Hausar da manomi zai gane. Ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa, wato aka damƙa masa aikin tantance wanda ya cancanta, abin da ya yi ta wa'azi a kai a cikin labaransa. A shekarun 1970 kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Wanda ya faɗa wa Lugga cewa kukan talaka ba ya isa sama, shi aka ba kujerar sauraron kukan.

Takwarorinsa a sauran Afirka

Imam ba shi kaɗai ya yi irin wannan mafarki ba. A gabashin Afirka akwai Shaaban Robert na Tanganyika, wanda aka haifa a 1909 ya rasu a 1962, Musulmi, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, wanda ake ɗauka uban adabin Suwahili na zamani. A littafinsa Kusadikika na 1951 ya ƙaga wata ƙasa da ke shawagi a sama, inda masu mulki ke hukunta duk wanda ya zo da shawarar gyara. Kamar Imam, ya fake da ƙasar da babu ita a taswira don ya faɗi abin da ba a faɗa a fili a ƙarƙashin Turawa, kamar shi kuma ya dogara ga ilimi da kyawun hali a matsayin magani.

Waɗanda suka biyo baya sun cire mayafin. Sembene Usman na Senegal ya rubuta labarin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Bamako na 1947 zuwa 1948, inda talakawa da matansu ne jarumai, ba wani mai ba sarki shawara ba. Ayi Kwei Armah na Ghana ya nuna a 1968 yadda cin hanci ya cinye alkawarin 'yancin kai. Aminata Sow Fall ta Senegal ta ƙaga a 1979 ranar da mabarata suka yi yaji, masu kuɗi suka rasa wanda za su ba sadaka don biyan bukatunsu, labarin da duk mazaunin Kano ko Gusau zai gane ba sai an yi masa sharhi ba. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya rubuta nasa da harshen Kikuyu yana tsare a kurkuku a 1978.

Adabin Hausa ma ya bi wannan hanya. Jim kaɗan bayan rasuwar Imam aka buga Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, littattafan da suka yi zancen fasa-ƙwauri da cin hanci da danniyar siyasa da tashin hankali ba tare da aku ko aljani ba. Sun fi Imam zafi, amma da Hausar da ya sassaƙa suka yi faɗan.

Ƙarshen tafiya

Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1968, ya kuma sami lambobin yabo daga gwamnatin Ingila da ta Najeriya. Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. An mayar da Magana Jari Ce wasan talbijin, har yau kuma littattafansa na cikin manhajar makarantu.

Ana iya yi wa Imam adalci ba tare da an mai da shi waliyyi ba. Ya yi aiki a ƙarƙashin Turawa, ya girmama sarauta, bai taɓa kiran talaka ya fito titi ba. Amma ya sa ɗan talaka ya karanta, da harshen uwarsa, labarin da wanda ba shi da kowa ya zama waziri saboda abin da ya sani, ya kuma yi amfani da kusancinsa da masu iko wajen faɗa musu abin da ba su son ji. Ya yi imani cewa makaranta ce hanyar da mara gata zai bi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai gata.

Wannan imani ne ake jarrabawa a yau. A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana a Kagara, garin da aka haife shi, suka kwashe ɗalibai da malamai. Kafin watan ya ƙare aka yi irin haka ga 'yan mata a Jangebe ta Jihar Zamfara. A yankin Tsafe, inda 'Yandoto ta taɓa tara malamai daga ko'ina, manoma da yawa sun san abin da ake nufi da biyan kuɗi kafin a shiga gona. Masu hali sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi a birane, ɗan talaka kuwa ya zauna a gida ko ya shiga gari da ƙoƙon bara. Tazarar da Imam ya kai ƙara a kanta a 1943 tana nan, sai dai yanzu ba Bature ne ke zaune a sama ba.

Yawancin masu karanta wannan shafi suna riƙe da wani abu, ko fayil a ofis, ko sikeli a kasuwa, ko sa hannun da ke ɗaukar wani aiki ya bar wani. A labaran Imam, ƙasa kan gyaru ne a ranar da na kusa da sarki ya zaɓi faɗin gaskiya, takan kuma lalace a ranar da ya zaɓi cikinsa. Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ƙasarmu shugabanni masu jin shawara da mashawarta masu tsoron Allah.